Ranar da Liman Ya Kama Hanci

Duk wanda ya san garin Ɗanzomo ya san Malam Barau ba ya sallar gaggawa. Shi ne limamin garin tun rasuwar mahaifinsa, kuma a da idan ya kama sura sai tsofaffi sun fara canza ƙafa kafin ya yi ruku'u. Shi ya sa da sallarsa ta fara gajarta, mutane suka lura tun kafin su lura da ramar da ya yi. Matasa kuwa, da yake bakinsu ba shi da linzami, har suna suka raɗa masa a bayan ido, wai Liman Ɗan Acaɓa, kafin ka gyara zama ya kai ka.

Ciki ne ya saka shi gaba. Sai ya murɗa kamar ana matsar wanki, sannan gudawa ta biyo baya da jini da majina, ba sallama ba neman izini. Da farko kowa ya ce basir ne, don a ƙasarmu duk abin da ya taɓa ciki basir ne. Ya sha saƙe-saƙi, ya sha jiƙon da masu lasifika ke talla a kasuwar Maigatari, abin sai gaba yake yi. Daga baya wani likita a Gumel ya tura shi Kano, aka duba hanjin da na'ura, aka ce kumburi ne mai daɗewa. Ba ya warkewa ɗungurungum, sai dai a lallaɓa shi da magani. Yakan kwanta, yakan tashi lokacin da ya ga dama.

Ban da matarsa Tayyiba, ba wanda ya gaya wa. Ita ke wanke tufafin, ita ke shanya su a bayan rumbu inda ido ba ya kaiwa.

"Malam, ka bar wa Abdulfatah limancin nan ka huta," ta ce masa wata safiya tana miƙa masa kunu. "Ranar wanka fa ba a ɓoyon cibi."

"Ke kuwa, yaron da na koya wa alwala da hannuna?"

"Yanzu ai ba yaro ba ne. 'Ya'yansa huɗu."

Malam ya ture kunun. Abdulfatah tsohon ɗalibinsa ne da ya je birni ya ƙaro karatu, ya dawo da murya mai daɗi, kuma shi ke tsayawa a bayansa a sahun farko. Bai taɓa yi masa rashin kunya ba, wannan ma na cikin abin da ke ba Malam haushi. Gaskiyar magana, tsoro yake ji. Idan aka cire limanci daga jikin Barau, bai san abin da zai saura ba in ba tsoho mai zaryar banɗaki ba.

Ana cikin haka ruwa ya ɗauke a tsakiyar damina. Gero ya yi ciki, yana jiran ruwan da zai fid da kai, sai ganye ya fara nannaɗewa. Riɗi ya kwanta. Kullum hadari ya haɗo daga gabas, iska ta watsa shi. Dagaci ya sa aka yi shela: a yi azumi, a yi sadaka, a yafi juna, a fita roƙon ruwa.

Da hantsin ranar, gari ya fito filin idi cikin tsofaffin tufafi, kamar yadda aka saba a irin wannan salla. Makiyaya sun zo da shanunsu, ƙasusuwan haƙarƙari a waje. Wani dattijonsu mai suna Sajo ya tari Malam a bakin fili, ya riƙe hannunsa da hannu biyu.

"Allah ya gafarta Malam, shanu sun fara lasar ƙasa. Bayan Allah, a wuyanka muka rataya."

"Allah ya dube mu," in ji Malam, yana jin cikinsa na ƙugi ƙasa-ƙasa.

Ya yi azumi, ya sha maganinsa tun sahur, ya zaga sau da yawa kafin ya fito. Raka'a biyu ce kawai. Ya roƙi Allah ya riƙe masa cikin na tsawon raka'a biyu, sannan ya ta da kabbara.

Ya gama Fatiha lafiya. Yana kama sura sai murɗar ta zo, irin wadda ya sani. Ya datse haƙora, gumi ya karyo masa. Ya ja aya ɗaya, ya ja ta biyu. A ta uku abin ya fi ƙarfinsa, ya ji ɗumi na bin cinyarsa.

Ba wanda ya sani. Rigar shuɗiya ce mai kauri, yana iya ƙarasawa da gajeriyar sura, ya sallame, ya zauna a kan buzunsa har kowa ya watse. Amma shi ya karantar da hukuncin nan a zaurensa shekara da shekaru: limamin da ya san alwalarsa ta karye ya ci gaba, ya ɓata sallarsa, ya ɓata ta duk wanda ke bayansa. Mutum ɗaruruwa sun tashi da azumi sun zo roƙon ruwa, shi kuma zai miƙa wa Allah sallar banza a madadinsu don kada a yi masa dariya. Ya tuna hannun Sajo, busasshe, mai kaushi.

Akwai abin da malamai suka tanada don rufin asiri. Liman ya kama hancinsa kamar mai haɓo, ya jawo wani gaba, ya fice. Malam Barau ya koya wa mutane wannan, bai taɓa zaton shi zai yi ba. Ya ɗaga hannun hagu ya kama hanci, ya miƙa na dama baya ya damƙi hannun rigar Abdulfatah ya jawo shi kan buzun.

Juyawar ce ta fi ciwo. Sai da ya ratsa sahu bayan sahu, idanu na ƙasa amma suna gani. Jinin ya riga ya sauko har idon sawu, kuma ko yaro ya san hanci ba ya zubar da jini ta ƙafar wando. Ya ci gaba da riƙe hancin duk da haka, don bai san inda zai kai hannun ba. Kunya ta sa ya ji da ma ƙasa ta tsage.

A bayan wata aduwa, nesa da sahun tsofaffin mata, ya tarar da Tayyiba tsaye da buta biyu da ƙunshin tufafi. Ba ta shiga sallar ba ma.

"Tun yaushe kike nan?"

"Kowace Juma'a ma ina bayan masallaci da su, Malam. Yi sauri."

Ta juya masa baya ta baza zane ta kare shi. Yana wanke jikinsa, hawaye na zuba, yana jin karatun Abdulfatah daga lasifika. Sai ya lura har yanzu raka'ar farko ake yi. Abdulfatah ya kama doguwar sura, yana jan ta a hankali, irin jan da Malam ke yi a da. Jiran sa yake yi.

Ya sake tufafi, ya yi alwala, ya nufi fili. Hanyar gaba a buɗe take ga mai son ratsawa. Ya dubi hanyar, sannan ya tsaya a ƙarshen sahun baya, inda makiyaya suke kusa da shanunsu. Sajo, ba tare da ya waiwayo ba, ya matsar da ƙafa ya ba shi wuri.

An tashi raka'a ta biyu. Malam Barau ya yi kabbara a hankali. Tun rasuwar mahaifinsa bai tsaya a bayan kowa a garin nan ba, bai san ƙeyar mutanensa ta yi furfura haka ba. Sama fayau take, ko ɗigon gajimare babu, cikinsa kuma ya fara sabon ƙugi. Abdulfatah ya kai ƙarshen Fatiha, fili ya ɗauka gaba ɗaya, Malam ya buɗe baki ya ce amin tare da su.