Tokar Mangwaron Inna

Maginiya ta sake ɗora tafin hannu a jikin tanderun, ta janye da sauri. Har yanzu da zafi.

"Ki zauna mana," in ji mijinta daga bakin ƙofa. "Sai kai-komo kike kamar kaza mai neman wurin ƙwai. Ba ke kike cewa ba a buɗe tanderu sai ya huce ba?"

"Maigida, ka ƙyale ni."

Ina zama! Ta share ɗakin da ta riga ta share, ta murza yumɓu ta ajiye, ta dawo. Kasko ɗaya ne a ciki ya hana ta sakat. Ita duk abin da ta gina, da ruwan toka take shafe shi kafin gashi, tokar ta narke ta ba shi ƙyalli. Kuma ba kowace toka ba, sai ta rassan mangwaron da marigayiya Inna ta dasa, mai fitar da wani kore da babu icen da ya taɓa ba ta irinsa. To, yayanta ya sare bishiyar ya yi wa motarsa rumfa, ko shawara babu. Tun ranar ta daina yi masa magana. Tokar ƙarshe ce a jikin kaskon nan.

Sai ga sallamar yayan a waje.

"Ni na kira shi," in ji mijin, yana sosa ƙeya. "Gaba ta isa haka."

Ranta ya ɓaci. Ita da shi a ɗaki ɗaya, suna jiran tanderu har yamma? Allah ya kiyaye. Gara ta ciro abinta ya gani, ya kama gabansa. Ta naɗe hannu da tsumma, ta zare bulo ɗaya daga bakin tanderun.

Iska ta shiga. Ƙas!

Ta san ƙarar nan sarai. Ta zauna daɓas a ƙasa.

Da tanderun ya huce, kaskon ya fito gida biyu, da koren da bai taɓa yin kyau haka ba. Yaya ya ɗauki ɓari ɗaya yana juyawa.

"Kamar ganyen bishiyar Inna bayan ruwan sama," ya ce. "Wallahi ban san daga can kike samo shi ba."

Ta miƙa hannu za ta ƙwace abinta, sai ta tsaya. Wa za ta yi wa faɗa? Hannunta ne ya zare bulon.

"Riƙe da kyau, Yaya," ta ce. "Bakin yana yanka."