Tayar Keken Baba Makanike

"Ba wannan ba, mai lamba goma sha uku. Ke dai in ba a kan allo aka rubuta abu ba, ba kya ganinsa."

Malama ta mayar da sifanar cikin gwangwani ta lalubo wata. A tsugune take a barandar maƙwabcinsu, Baba Makanike, babur ɗinta na tsaye a kan ƙafa biyu. Shi kuwa yana kan katifa, an tokare bayansa da matashi uku. Shekara arba'in ya yi yana gyaran babura kafin ciwon ƙirji ya zaunar da shi. Yanzu ko kofi ya ɗauka sai rabin ruwan ya zube, amma kunnensa na nan garau.

Kunnen ne ma ya jawo wannan aiki. Kullum ta taso daga makarantar da take koyarwa a can bayan gari, tun daga kwanar layi yake jin sarƙar babur ɗin tana dukan murfi, kacau-kacau. Sarƙar ta saki, an ja tayar baya har ba sauran wurin ja. Sau biyu tana zamewa a hanya. Na biyun ya watsar da ita a gaban motar yashi, ta dawo da gwiwa a ɗaye, mahaifiyarta ta rantse in aka yi na uku to ita da babur har abada, koyarwar ma a haƙura.

Shekara uku Malama tana gaishe shi kai a sunkuye ta wuce. Yau ya aiko matarsa, Inna, ta tare ta a ƙofa.

"Hannun ƙarfe za mu yi wa sarƙar," ya ce, "ya riƙa tallafe ta daga ƙasa. Ni ne kai, ke ce hannu."

Ya sa ta zazzage buhun tarkacensa a ƙasa. Ya zaɓi wani fallen ƙarfe mai huda biyu, da sifirin ɗin birki, da dogon noti. Ta ɗaure ƙarfen a jikin ƙashin babur, ta maƙala sifirin da filaya, ya kuɓuce ya ɗalle mata yatsa. Ta tsotsi wurin ta sake.

"Saura tayar da sarƙa za ta bi ta kai," ya ce. Ta juya tarkacen kaf, babu. Ya daɗe yana numfashi, sannan ya nuna lungu da haɓa, inda kekensa na marasa lafiya yake.

"Ciro mini ƙaramar tayar gaba, ta hagu. Boris ɗinta sabo ne."

Inna ta fito daga ɗaki da tsintsiya a hannu. "Malam, kanka ɗaya kuwa? Ranar Alhamis da me za a tura ka wajen likita?"

"A baro. Ai buhun siminti ya fi ni nauyi."

"Kai dai ba ka rabo da shirme."

"Shirmen kika gani kika biyo ni."

Inna ba ta yi dariya ba. Ta tsaya tana kallonsa, shi ma yana kallonta, har ta juya ta koma ciki, ta bar tsintsiyar a bakin ƙofa.

"Baba, a bari mana," Malama ta ce, murya can ƙasa. "Zan nemo wata a kasuwa gobe."

"Gobe da safe a ƙafa za ki makarantar? Ciro, 'yata. Na fi ki sanin inda keken nan zai je."

Ta kwance tayar. Keken ya karkata, ta jawo rabin bulo ta tokare shi. Ya koya mata yadda za ta goge tsakiyar robar da zarto har ta yi kwari daidai faɗin sarƙa. Ta ɗaura, ta ja sifirin ɗin iya ƙarfinta, sarƙar ta miƙe tsam kamar igiyar shanya. Karon farko ta ɗago kai ta dube shi.

Dariya ta kama shi, ta rikiɗe ta zama tari, sai da Inna ta kawo ruwa.

"Kin shaƙe ta! Haka kike wa 'yan ajinki? Sauke babur ɗin ƙasa ki hau. Ba a auna sarƙa sai mai babur na kai."

Ta hau. Ya sa Inna ta jawo katifar da shi a kai har gindin taya. Ya miƙa yatsu biyu ya danna sarƙar, ko motsi ba ta yi ba.

"Kin gani? Da kin faɗa rami ɗaya ta tsinke. Sassauta. Ƙara. Yauwa. Yatsa biyu za ta riƙa wasa, kar ki manta. In ta fi haka, ki matsar da sifirin huda ta gaba."

Ya ce ta je kwanar layi ta dawo. Da ta dawo ta tarar idonsa a rufe, gabanta ya faɗi.

"Baba?"

"Au, har kin dawo?" Ya buɗe ido, ya yi murmushi. "Ban ji ki ba. Aiki ya yi."

Ranar Laraba da ta shigo layin, ta hango benci uku a ƙofar gidan da takalma birjik. Ta kashe babur tun daga nesa ta turo shi da hannu. An riga an kai Baba makwancinsa.

Inna na zaune a cikin mata. Da ta ga Malama ta kamo hannunta ta zaunar da ita kusa.

"Da hantsi ne, ba wahala. Kin san da ƙarar sarƙar nan taki yake sanin lokacin shan magani? Jiya da shekaranjiya sai tambaya yake, Malama ta dawo? In ce ta dawo tun ɗazu. Sai ya ce, to madalla."

Malama ta fito baranda. An naɗe katifar an jingine. Kofinsa na kan taga, da tabon baƙin mai na yatsu biyu a jikinsa, ba wanda ya wanke. A lungu keken na tsaye a kan taya uku da rabin bulo, wata 'yar gaisuwa ta rataye mayafinta a hannunsa.