Laimar Gul Bahar

"Ba haka nake tafiya ba, uwar Minara. Ni agwagwa ce? Ƙafar hagu za ki ja, ita ce mai ciwon. Koma ki sake."

Na koma jikin ƙofa na sake tahowa, ina jan ƙafa cikin burkarta mai rufe mutum har fuska, mai warin man zafi da ganyen fan da take taunawa kamar goro. Gul Bahar tana kwance a tabarma, ta tada kai da buhun shinkafar rabo, idanunta sun koma ruwan ɗorawa. Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.

"To, da dama-dama. Kada ki yi wa kowa magana. In wani ya gaishe ki, ɗaga masa laimar kamar za ki kwaɗa masa. Sun saba."

"Nani, in aka gane ni fa?"

"Wa yake kallon tsohuwa? Facin nan shuɗi na gindin burka suke gani, da laima mai karyayyen ƙarfe, su kauce. Ko akuya aka sa a ciki sai sun ce mata ina kwana."

Tamfol ɗaya ne ya raba ɗakinmu da nata tun da muka ƙetaro kogin Naf muka sauka a wannan tudu na sansanin 'yan gudun hijira. In ta yi atishawa mu ce mata Allah ya yi rahama, in mun yi faɗa da mijina ta yanke hukunci daga inda take kwance. Ungozoma ce tun a garinmu Buthidaung, kuma ita ke wanke matan da suka rasu. Ba ta da kowa, duk nata sun tsaya a wancan ƙetaren, amma duk unguwa Nani ake ce mata, wato Kaka, kuma duk unguwa ana tsoron bakinta.

'Yata Minara ta zama budurwa a ƙarshen rani. A wajenmu in yarinya ta kai nan, ƙofa ta rufu mata ke nan. Ajin manyan 'yan mata kuwa yana can bayan tudu, sai an haura matakalan buhunan yashi, an bi gadar gora, an wuce rumfar mai shayi inda samarin nan suke zama, waɗanda ko a cikin ɗaki ba ma kiran sunan ƙungiyarsu. Sun sha aiko wa iyaye saƙo cewa mace mai kunya ba ta yawo. Bara wata yarinya daga unguwar ƙasa ta fita ɗebo ruwa, har yau tulunta kaɗai aka gani.

Mijina Kolim Ullah ba mugu ba ne. Tsoro ne ya cinye shi tun ranar da ya ɗauko Minara a wuya muka ratsa daji, kuma ban ga laifinsa ba, ko da yake wani lokaci nakan ji kamar in shaƙe shi. Ya ce karatu ya ƙare. Minara ta kifa kai a gwiwa. Sai muka ji murya ta bayan tamfol.

"Kai Kolim! Ni zan kai ta, ni zan dawo da ita. Wane ɗan iska ne a rumfar can da ba ni na yanke masa cibiya ba? Har wanda ya fito da kai kamar gwanda na sani."

Da haka aka shirya. Kullum da safe ta fito da laimarta baƙa, Minara da 'yan mata biyu na maƙwabta su bi bayanta kamar 'yan tsaki. Ta zauna a bakin aji tana taunar fan har a tashi. Iyayen sun faɗa a fili: muddin Nani ce, to, in ba ita ba, a'a. Ni kaina ban isa ba, domin mace mai shekaruna in ta bi ta gaban rumfar nan, ita ma abin magana ce.

Sai ga shi damina na tsakiya ciwon hanta ya kayar da ita. Jarrabawa kuwa sai ƙarshen damina. In Minara ta ci, za ta shiga aji na gaba, kuma malamarsu ta ce irinsu ake ɗauka su koyar da ƙanana. Yarinyar nan ko tana tsince shinkafa bakinta na motsi, tana maimaita karatun harshen Bama, harshen mutanen da suka ƙone mana gida. Na taɓa tambayarta me za ta yi da shi. Ta ce, "In mun koma, ai da shi za a yi mana tambaya, Mama."

Shi ya sa na sa burkar. Baban Minara yana fita ɗaukar gora tun da sassafe, sai in zagaya ɗakin Nani, in shiga a matsayina, in fito a matsayinta. Ranar farko a kan gada wani dogo mai jan rawani ya ce, "Nani, yau ba zagi?" Na ɗaga laima. Ya yi baya yana dariya, abokansa na yi masa tsiya. Na wuce ina jan ƙafa, gumi na bin bayana, Minara ta damƙe gefen burkar kamar za ta yaga ta.

Muna tafiya a haka, ita kuwa tana ƙarewa. Cikinta ya kumbura, ƙafafunta suka yi suntum. Ruwan shinkafa ma in na ba ta sai ya dawo. Wata rana da la'asar na kasa daurewa.

"Nani, bari a kai ki asibiti. Zan gaya wa maji ya turo samari."

Maji shi ne mai unguwarmu, kuma in ya ji magana, kafin shayi ya huce kowa ya ji ta.

"Su naɗe ni a bargo, su rataye ni a gora kamar kifi, su bi da ni ta gaban rumfa? Gobe kuma a ga Gul Bahar ta fito raka yara? Ke kanki ɗaya kuwa?"

"To ki mutu a nan saboda 'yar wani?"

"Na je asibitin tun kafin azumi. Sun duba jinina, sun ce in jira, masu irin ciwon suna da yawa. Jiran nake yi, a ɗakina." Ta lumshe ido. "Kuma kada in sake jin kin ce 'yar wani. A hannuna ta faɗo duniya."

Na fita na zauna bayan ɗaki na yi kuka, na ji haushinta, na ji haushin kaina da na ji sanyi a raina don ta ƙi. Ba zan ɓoye ba, na ji sanyin. Ina son ta rayu, ina kuma son 'yata ta zauna jarrabawa, kuma kullum in na ɗauki laimar nan na san wanne na zaɓa.

Kowace rana in mun dawo sai ta kira Minara. "Zo nan, malama. Me aka koya muku?" Minara ta karanta mata, ita kuwa da ba ta san ko harafi ɗaya ba ta riƙa gyaɗa kai tana cewa, "Ƙarya ne, sake." Daga baya ta daina tsokanar. Sai dai ta tambaya, "Ruwa ya kusa ɗaukewa?" Mu ce ya kusa. Ta ce, "To, ina nan."

Ranar da abin ya faru an tashi da yayyafi. Na ba ta ruwa a cokali, ta haɗiye da ƙyar. Ta kama hannuna ta ce in ja mata ƙofa sosai. Na ja, na ɗaure da igiya ta waje, muka tafi.

Na yi zamana a bakin aji har aka tashi. Muna dawowa, kafin mu hau gada, muna daidai gaban rumfar mai shayi, rumfar cike da maza saboda ruwa ya hana aiki, sai lasifikar masallaci ta yi ƙara. Ladan ya yi gyaran murya.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya yi wa Gul Bahar ungozoma, ta unguwar tudu, rasuwa. Za a yi jana'iza bayan sallar la'asar."

Ashe wata ce naƙuda ta kama, aka aiko a kira Nani, aka kwance igiyar aka same ta.

Ƙafata ta hagu tana baya, a inda na ja ta, na kasa ɗauko ta. Mai shayi ya tsaya da buta a sama. Duk idanu suka dawo kan facin nan shuɗi, da laimar, da ni. Wani tsoho ya fara salati yana ja da baya. Dogon nan mai jan rawani bai yi salati ba. Ya ajiye kofinsa a hankali, ya ƙare mini kallo daga sama har ƙasa, sannan ya dubi 'yan matan ɗaya bayan ɗaya, kamar mai son ya riƙe kamanninsu.

Ban san baban Minara yana cikin rumfar ba sai da ya miƙe. Ya ratso maza ya zo gabana, ya karɓi laimar daga hannuna, ya riƙe mana ita.

"Mu je gida," ya ce.

Muka haura tudu. 'Yan matan biyu suka shige gidajensu da gudu. Kafin mu kai ƙofa na ji uban ɗayarsu yana ɗaga murya.

Ni da matan unguwa muka wanke ta. Ba wadda ta iya kamar ita, muna yi muna tuna wa juna yadda take cewa a yi. Ba ta da nauyi ko kaɗan, in ban da cikin. Ba wadda ta yi mini maganar burka, amma ba wadda ta haɗa ido da ni. Maza suka ɗauke ta cikin ruwa zuwa maƙabartar da ta riga ta cika, baban Minara yana bin makara da laimar a buɗe a kanta.

Da ya dawo, taɓo har gwiwa, ya zauna a bakin ƙofa yana kankare ƙafa da tsinken gora.

"Baban Minara," na ce, "ni na..."

"Na sani tun ranar farko da na hango ku a gada. Minara ba ta taɓa riƙe rigar Nani ba. Taki take riƙewa tun tana rarrafe."

"Ka sani ka yi shiru?"

"Muddin samarin rumfa ba su sani ba." Ya jefar da tsinken. "Yanzu sun sani. Ɗaya daga cikinsu ya tare ni a maƙabarta, ya yi mini gaisuwa, ya tambaye ni sunan 'yata."

Minara tana tsaye a bayana. "Abba, saura kaɗan a yi jarrabawar. In ka raka ni da kanka..."

"Ni wa na yanke wa cibiya?" Ya kau da kai. "Na ɗauko ki a wuyana har nan, ba zan tsinci tulunki a hanya ba."

Na buɗe baki in yi faɗa, irin wanda na saba, ina jiran a yanke mana hukunci ta bayan tamfol. Ba abin da ya motsa a can sai ɗigar ruwa a cikin kwanonta. Na rufe bakina.

Rufinmu ya daɗe yana yoyo daidai kan tabarmar Minara. Da safe, kafin ya fita, baban Minara ya taka bokiti, ya buɗe laimar, ya soke ta tsakanin gora da tamfol, ya ɗaure mariƙinta da igiya. Yoyon ya koma gangarewa gefe.

Minara ta riga ta yi wanka ta shirya, don jikinta ya saba. Ta tsaya ta dubi ƙofa, sannan ta cire takalmanta ta jera su a gefe. Ta zauna ƙarƙashin laimar, ta buɗe littafinta a cinya, bakinta na motsi ba sauti. Ruwa yana sauka a kan baƙin ƙyallen, yana bin karyayyen ƙarfen nan, yana ɗiga a ƙasa kusa da ƙafarta.