Tsingaron Dokta Ilyas

Kaskon turaren gidan ya fashe, ga baƙi za su zo cin abincin rana, ga falo yana ƙarnin kifi. Sabuwa, mai aikin gidan, ta leƙa ɗakin karatun maigida, ta ga wani tsingaro a kan tire, mai ɗan zurfi kamar tafin hannu. A Maraɗi da irinsa innarta take ɗebo wuta. Ta zuba garwashi a ciki, ta barbaɗa turaren lubban, ta zagaya falo da shi.

Maigidan, Dokta Ilyas, tsoho ne mutumin Jordan. Tun yana saurayi yake tonon ƙasa, yana neman garuruwan da aka ambata a Attaura. Da gwiwoyinsa suka gaza sai ya koma koyar da tarihi a wata jami'a a Riyad. Shi ne kafilinta da ya tsaya mata a ƙasar, iƙamarta, wato takardar izinin zama, tana hannunsa.

Da baƙi suka tafi, ta fito tsakar gida za ta zubar da toka. Basiru direba, ɗan wan babanta, ya gani, ya bar goge mota. Ya ce shi ya ɗauko Dokta daga filin jirgi da wannan abin, an naɗe shi da auduga kamar jariri. Wai a arewacin Saudiyya aka tono shi, kan hanyar da fataken turare suke bi tun zamanin Annabi Sulaimanu. Tsohon baƙin ƙunar da ke cikinsa za a kai a auna, a ga ko turare aka ƙona.

"Ke kuwa, ƙanwata, kin riga masu awon," in ji shi. "Fara haɗa jakarki."

Ta ce bari ta wanke, ya ce kul, ruwa ƙarasa shi zai yi. Ta yi tunanin mayarwa ta yi shiru, amma ƙamshin ya riga ya kama tsingaron. Ta daɗe a bakin ƙofar Dokta kafin ta yi sallama.

Ya sa tabarau, ya juya tsingaron, ya shinshina. Ta faɗi abin da ya faru da guntun Larabcinta, idonta a ƙasa. Ya ce awo kam ya lalace, kuma wannan ne tononsa na ƙarshe, ƙafarsa ba za ta sake sauka rami ba.

"Na so in san ko an taɓa ƙona turare a ciki, 'yata," ya ce. "To, yanzu dai an ƙona."

Ta tsaya tana jiran ya ambaci iƙama. Sai ya ce ta je ta ɗora masa shayi.

Kashegari ta tarar da ɗakin karatun a kulle, mabuɗin yana aljihunsa. Basiru ya kawo sabon kasko daga kasuwa, ya ce Dokta ne ya aike shi. Jakarta kuwa ta jima a haɗe a ƙarƙashin gado kafin ta kwance.