Ƙuri'u Shida Saboda Riɗi

Babu abin da ke juya zukatan ƙasashen duniya irin jawabi mai kyau. Jakada ne ya faɗi haka ranar Litinin da safe, yana tsaye gaban madubin ofishinsa yana gwada yadda zai ɗaga hannu idan ya zo kan kalmar adalci. Ma'aikatansa suka gyaɗa kai, domin gyaɗa kai na cikin aikin da aka ɗauke su.

Ma'aikaciyar da ake wa laƙabi da Uwar Takarda ma ta gyaɗa. Ita ta rubuta jawabin, kamar yadda ta rubuta na jakadu huɗu da suka gabace shi. Shekararta goma sha tara a wannan ofishi da ke wakiltar ƙasarsu a taron ƙasashe kan cinikin amfanin gona, kuma ba ta taɓa ganin jawabin da ya sauya ƙuri'a ko ɗaya ba. Lokacin jawabi ne wakilai ke samun sararin amsa saƙonnin waya.

Maganar riɗi ce. Manyan ƙasashe masu saye sun kawo doka ta hana shigo da duk riɗin da aka fesa wa wani maganin ƙwari, kuma suna so ta fara aiki nan take. Ƙasarsu na roƙon a ba manoma shekara biyar su sauya magani, in ba haka ba riɗin bana sai dai ya tsufa a sito. Alhamis za a kaɗa ƙuri'a, kuma saura ƙuri'a huɗu su sami rinjaye.

Ƙungiyar 'yan kasuwar riɗi ta ɗauko wani gwanin kamun ƙafa, mai farin haƙori da katin suna kala uku. Ya gayyaci wakilai arba'in cin abincin rana. Suka zo, suka ci, kowa ya ce zai tuntuɓi gida. A wannan gini, "zan tuntuɓi gida" a'a ce da ta yi makaranta.

"Hajiya, an gama," ya ce wa Uwar Takarda. "Ba ki ga yadda suke murmushi ba?"

"Kifin ne ya yi daɗi," ta ce.

Da la'asar Yaya ya kira daga gida. Shi ya riƙe ta bayan rasuwar mahaifinsu, kuma riɗinsa ne ya kai ta har jami'a. A kan buhunan ta yi karatun jarrabawa, har yau idan ta ji ƙamshin riɗi sai ta tuna lissafi.

"Auta, rediyo na ta maganar wata doka. In kai wa masu matse mai su saya a wulaƙance, ko in jira?"

"Ka jira Alhamis, Yaya."

"To, ke da kike zama da manya. Ina labarin kujerar taki? Yayarki ta riga ta gaya wa unguwa kin kusa zama shugabar duniya."

Kujerar ta kwamitin ƙwararru ce, guda ɗaya da ta rage, za a zaɓa ranar Juma'a. Su biyu ke nema: ita da ɗan takarar wasu ƙananan tsibirai shida da kullum suke jefa ƙuri'a wuri ɗaya. Kowa ya san ita za ta ci. An buga mata takardun neman goyon baya ɗari uku, ɗauke da hoton da ya fi kowanne yi mata adalci.

A zauren taro, wakilin ɗaya daga cikin tsibiran ne ke zama a hagunta, shekara goma sha ɗaya ke nan. Dattijo ne, shi kaɗai ne ofishinsa, kunnensa ɗaya ya yi ritaya kafin shi. Idan magana ta wuce shi, sai ta rubuta a 'yar takarda ta tura masa. Shi kuma ranar da aka aiko mata da rasuwar mahaifiyarta ana tsakiyar zama, ya bar kujerar ƙasarsa babu kowa, ya raka ta har filin jirgi yana riƙe da jakarta.

Ranar Laraba ta same shi wajen shan shayi.

"'Yata, ba ma noma riɗi, ba ma cin riɗi," ya ce. "Gida sun ce mu bi manya."

"In kun sami abin da za ku kai gida fa, Baba?"

"Kamar me? Jawabi?"

"Kamar kujera."

Ya ajiye kofin, ya juyo mata da kunnen mai lafiya. "Shekara nawa kina jiranta?"

"Kujera ce, Baba. Ina da wata a ofis, har juyawa take yi."

"Tun da aka kafa kwamitin nan ba mu taɓa shiga ba." Ya sake ɗaukar kofin. "Ban roƙe ki ba."

"Ni ce mai roƙo."

Irin wannan musaya ba a rubuta ta, ba a kiran shaida. Ya miƙo hannu, ta kama, ya tafi neman sauran biyar ɗin.

Takardar janye takara kuwa sai da sa hannun Jakada. Ta saka ta tsakanin wasiƙar ta'aziyya da takardar gyaran mota, ta manna 'yar alama mai ruwan ɗorawa. Jakada mutum ne mai amana: duk inda ya ga alamar, sa hannu yake yi.

Ranar Alhamis ya yi minti arba'in yana jawabi, ya ɗaga hannu daidai kan adalci. Aka kaɗa ƙuri'a, aka ba manoma shekara biyar. Jakada ya rungume gwanin kamun ƙafa, kowannensu yana taya ɗan'uwansa murnar abin da ya tabbata shi ya yi. Ita kuwa ta yagi 'yar takarda ta rubuta "Allah ya saka da alheri", ta tura hagu. Dattijo ya karanta, ya ninke, ya sa a aljihun ƙirji.

"Kin ga abin da nake gaya miki?" in ji Jakada a mota. "Af, wai kin janye takara? Kash. Da kin faɗa mini, ai da na yi miki jawabi."

"Ban so in wahalar da kai ba, ranka ya daɗe."

Tana shiga ofis Yaya ya kira.

"Auta, mun ji Jakadan naku a rediyo. Wannan mutum akwai baki. Ki gode masa, ki ce buhu ɗaya na nan tafe. Kujera fa, gobe ko?"

"An sami wanda ya fi ni buƙata, Yaya."

"To, rabonki na gaba. Kin ci abinci?"

Ta ce ta ci. Shekara talatin tana neman hanyar da za ta gode wa Yaya ba tare da ya ce ta daina shirme ba, yau ta samu, bai ma sani ba.

Jakada ya leƙo ya ce a rubuta wasiƙun godiya ga wakilai arba'in da suka ci kifi. Ta jawo kwalin takardun takararta daga ƙarƙashin tebur. Takarda ce mai kyau, kuma bayanta fari ne tas. Ta ɗauki ɗaya, ta kifa hoton, ta fara tsara wasiƙar farko.