Mulungu Bakwai na Kofur Belarmino

A tsibirin Noronya, bishiya ma takan yi laifi, laifinta kuwa kauri. Kowace Litinin Kofur Belarmino yakan fita da fursunoni goma masu gatura, da wata igiya mai ƙulli a aljihunsa. In ya zagaya ta a gindin bishiya ƙullin ya taɓo ɗaya bakin, bishiyar ta tsira. In bai taɓo ba, a sare, a faskara, a ƙone. Hujjar hukuma ita ce ba a haɗa fursuna da gungume wuri ɗaya, domin gungume shida da 'yan turaku sun isa a haɗa jangada, irin abin da masuntan gaɓa suke hawa su shiga teku, mutum ya kafa ƙyalle iska ta tura shi gida. Kwalekwale kuwa ko na kamun kifi babu, tun tuni aka cinna musu wuta.

Haka aka aske tsibirin ƙwal. Masu wannan dabara suna can ƙetaren teku, a babban yankin ƙasa, a inuwar gidajensu, sojoji ɗari da fursunoni ɗari uku suna nan rana tana gasa su. Aikin soja bai wuce ƙirga fursuna safe da yamma ba, da goge bindigar da gishirin teku yake ci, da tsayuwa a kan ganuwa ana kallon ruwa, sai farautar ɓeraye ranar Asabar. Garin rogo ɗaya suke ci da waɗanda suke tsaro, ƙuma ɗaya take cizonsu. Shi kansa Belarmino ba da son ransa ya sa kayan sarki ba. A kasuwar shanu aka damƙe shi aka ce sarkin Fotugal yana bukatarsa shekara uku, ya bar matarsa Perpetua da ciki. Daga baya wasiƙa ta zo, Fada, limamin cocin tsibirin, ya karanta masa cewa an sami mace, sunanta Leonor. Bai taɓa ganinta ba. Yanzu shekarun sun cika, jirgin da zai kawo abinci da sababbin sojoji shi zai kawo takardar sallamarsa.

Jirgin nan duk wata shida yake zuwa. Wannan karon wata shida suka wuce, na bakwai ya bi, na takwas ya bi, na tara ya kama. Ga shi damina ta yi gardama, masarar da fursunoni suka shuka ta ƙone a tsaye. Aka rage awon gari zuwa rabi, aka sake raba rabin. Mutane suka bi kaguwa da ƙwan tsuntsu, ɓeran da ake kashewa a zubar ya zama nama. Sai ƙafafu suka fara kumbura, dasashi yana zubar da jini. An ce in za ka gina ramin mugunta ka gina shi gajere, to waɗanda suka tsare tsibirin don kada kowa ya fita, yau ga su suna neman ko faifan katako da za su aika a ce suna mutuwa, babu.

Belarmino kuwa ya san akwai. A watansa na farko ya taɓa gangarawa Kwazazzabon Awaki shi kaɗai, ya bar masu gatura a sama saboda santsin hanya. A can ƙasa ya tarar da bishiyoyin mulungu guda bakwai, kowace ta fi ƙarfin igiyarsa nesa, da jan furensu, a gindinsu kuma ruwa yana tsattsafowa daga dutse. Shi ɗan ƙasar fari ne, ya ga shanun ubansa sun mutu a bakin busasshiyar rijiya, ya kuma ga yadda duk idon ruwan da aka sare wa inuwa a tsibirin nan yake ƙafewa. Ya mayar da igiyar aljihu, ya hau, ya ce wa Saje, "Babu komai can sai ƙaya da duwatsu." Shekara uku yana maimaita wannan magana. Dokar kuwa kowa ya san ta: sojan da ya ɓoye bishiya daidai yake da wanda ya buɗe wa fursuna ƙofa, a tuɓe masa kayan sarki, ya yi shekara uku da mari a ƙafa.

Ranar da aka binne mutum na sha ɗaya, da hantsi, ya shiga ɗakin marasa lafiya da gorar ruwan kwazazzabon. Abokinsa Simplicio, kurtun da aka kawo su jirgi ɗaya, yana kwance ƙafafunsa kamar turame. Shi kaɗai Belarmino ya gaya wa inda ruwan yake fitowa.

"Kofur mai igiya," in ji Simplicio, "yau wace bishiyar ka yanke wa hukunci? Ko ka koma awon ciyawa?"

"Sha ka yi mini shiru. Bakinka ne kawai bai kumbura ba."

Simplicio ya kurɓa, ya tofar da jini, ya dube shi da kyau. "Wannan fuskar ba ta yi mini ba. Me kake ƙullawa?"

"Wajen Kyaftin za ni."

"Ka ce masa me?"

"Abin da ka sani."

Simplicio ya yunƙura zai tashi, ya kasa. "Kai, Belarmino, kanka ɗaya kuwa? Saura ƙiris ka ga 'yarka! In jirgin ya ɓullo gobe fa? Ka sayi shekara uku a banza ke nan."

"In bai ɓullo ba fa? Tun wata uku muke cewa gobe."

"To in don ni ne, na yafe. Ni dama ko a gida ba wanda ya yi kukan tafiyata sai mai sayar da giyar rake."

"Wa ya ce don kai ne? Ina ruwana da kai, mummuna."

"Mai rabon shan duka ba ya jin kwaɓa," in ji Simplicio, ya juya fuskarsa bango don kada a ga idonsa.

Tsoro kam Belarmino ya ji shi. Ya tuna Perpetua, ya tuna yarinyar da yake ƙera wa fuska a ransa kullum. Amma ya ɗauki gawa sha ɗaya da hannunsa, ya san nauyin kowace, bai ga yadda zai ɗauki ta sha biyu yana sane da abin da ke kwazazzabo ba. Kafin ya je ofis sai ya biya ta wajen fasa dutse, ya kira Serafim gefe. Serafim dattijon masunci ne daga gaɓa, ɗaurin rai da rai, ya kashe wani a kan rigimar koma, wato ragar kamun kifi.

"Baba Serafim, in aka ba ka mulungu, kwana nawa za ka haɗa jangada?"

Tsohon ya yi dariya da haƙoransa uku. "Kofur, tarko ne? Ai na tsufa da cin wannan ƙugiyar."

"Tambayarka nake."

"Gungume shida, masu kaurin da hannu biyu ba sa zagayewa. Kwana takwas su sha iska, kwana biyu in haɗa. Ruwa yana gangarawa yamma, iska tana bayanmu, kwana huɗu mutum ya taka ƙasa. Amma a ina za ka samo su? Kai ne fa ka aske mu."

"Ka wasa gizagonka," in ji Belarmino.

Kyaftin Gervasio mutum ne da yunwa ba ta hana shi ɗaura maɓallin wuya ba. Ba mugu ba ne, shi dai doka ce numfashinsa. Belarmino ya ƙame, ya sara, ya ciro igiyar awon ya ajiye a kan tebur. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

"Ranka ya daɗe, akwai mulungu bakwai a Kwazazzabon Awaki. Sun isa jangada. Serafim ya ce zai iya kai wasiƙa gaɓa."

Kyaftin ya ɗago ya dube shi. "Bakwai. Jiya suka tsiro?"

"A'a, ranka ya daɗe. Na same su a nan. Ni na ɓoye su."

"Ka san abin da ka faɗa yanzu, Kofur?"

"Na sani."

"Da ka ce yau ka gano su, da na yi kamar na yarda."

"Fursunoni goma sun ga na gangara, ranka ya daɗe, Saje ma ya ji abin da na riƙa gaya masa. In na yi ƙarya su za a zane a ce sun rufa mini asiri."

Kyaftin ya murza goshi. "Za ka kai su wurin, za ka sare da hannunka. In aiki ya ƙare ka miƙa bindigarka."

Belarmino ya sake sarawa. "Ina roƙon alfarma ɗaya. A tura ni da wasiƙar."

"In tura mai laifi ya tsare mai laifi? Saje Torcato zai tafi."

Washegari suka gangara. Da fursunoni suka ga inuwa da ruwa, wasu suka zube suna sha da baki kamar awaki, wani ya zagi Belarmino don ya ɓoye musu, wani ya sa masa albarka. Belarmino ya wuce su, ya nufi bishiya ta farko. Ya tofa yawu a tafi ya kama gatari. Mulungu itace ne mai taushi, ba ya wahalar da mai sara, wannan ma ya fi ƙona masa rai. Da ta shida ta faɗi, Serafim ya ɗaga hannu.

"Ya isa, Kofur. Shida nake so. A bar wa ruwan ɗaya."

"Kyaftin ya ce duka," in ji Saje Torcato, yana kallon ƙasa. "Igiya ba ta zagaye ta ba."

Belarmino ya sare ta bakwai. Da ta kwanta, ya durƙusa ya tsince jajayen 'ya'yanta masu kama da wake, ya cika aljihu. Ba wanda ya hana shi, domin ba dokar da ta yi maganar iri.

Kwana goma aka gama. An ɗinka ƙyallen da buhunan garin da suka zama wofi. Ranar tafiya Belarmino yana bakin ruwa da rigar fursuna, mari a ƙafarsa, yana cikin masu tura jangadar. Serafim ya raɗa masa, "Zan kai Sajenka lafiya, na rantse da Uwargida Maryamu. Abin da zai biyo baya kuma kada ka tambaye ni."

Kwana ashirin da shida suna kallon teku, aka binne mutum huɗu a ciki. A na ashirin da bakwai mai gadin ganuwa ya kwarma ihu har muryarsa ta dushe. Jirgi ne, cike da gari da busasshen nama da lemon tsami da sababbin sojoji. Ashe na farkon nutsewa ya yi a hanya, mutanen gaɓa suna can suna zaton ya iso, sai da wasiƙar Kyaftin ta kai musu labari. Saje Torcato ya sauko fatarsa duk ta saɓule, ya ce kwana biyar suka yi, tsohon bai runtsa ba sai da ya ajiye shi a kan yashi. Da ya juya neman ruwan sha, ya waiwayo, babu Serafim babu dalilinsa.

Wannan ya yanke maganar. A fareti Kyaftin Gervasio ya karanta sunayen waɗanda aka sallama, ya zo kan na Belarmino, ya ninke takardar ya sa a aljihu. Ya ce bishiyar da aka ɓoye ta fitar da fursuna, kamar yadda doka ta hango, don haka shekara uku suna nan daram. Mutum kusan ɗari huɗu da ke tsaye a wurin da garin rogo a cikinsu, ba wanda ya iya ɗaga ido.

Simplicio ya tashi, lemon tsami ya yi masa rana. Ranar da jirgin zai juya ya zo yana dogara sanda, ya sami Belarmino a wajen fasa dutse.

"Ga ni zan tafi gida a madadinka, ni da ba mai jirana. Wannan wace irin ƙaddara ce?"

"Irin ta munana. Ungo." Ya miƙa masa 'yar sarƙar jajayen 'ya'yan mulungu da ya huda ya zura a zare. "Ka bi ta garinmu. Ka sa wa Leonor a wuya. Ka gaya wa Perpetua ba sata na yi ba, ba kuma gudu na yi ba."

"In ta ce yaushe?"

"Ka ce uku. Ta iya ƙirga uku, ta taɓa yi."

Simplicio ya karɓi sarƙar, ya dogara sandarsa ya nufi jirgi. Belarmino ya tsaya har jirgin ya zama ɗigo, ya yi kukansa a tsaye ba tare da ya ɓoye ba. Da ya gama ya koma ya ɗauki gudumarsa.

Ruwan kwazazzabon ya ƙafe kafin wata biyu. Amma damina ta dawo, kututturan bakwai suka yi toho, irin da ya binne a gefensu guda ashirin da wani abu suka fito. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma jirgi ya nuna yana iya ƙin zuwa. Kullum Belarmino yakan rage rabin ruwan shansa, ya kai wa 'yan tsiron.

Wata Litinin sabon kofur, wani mai suna Anacleto, ya fito da igiyar awon a aljihu da fursunoni goma. An sa Belarmino a cikinsu don ya riƙa nuna masa hanya, tunda ba wanda ya fi shi sanin tsibirin. Da suka iso bakin Kwazazzabon Awaki, Anacleto ya leƙa, ya ga santsin hanyar, ya ja da baya.

"Kai, mai gora, me ke can ƙasa?"

Sauran fursunoni tara suka sunkuyar da kai. Belarmino ya gyara gorar ruwan a kafaɗarsa.

"Babu komai can, Kofur," in ji shi, "sai ƙaya da duwatsu."