Tagar Kwanar Bene

Ina tsaka da tuƙin tuwo na ji dukan guduma a jikin benenmu, har kwanukan kan kanta suna rawa. Na ajiye muciya na fito a fusace, don na ɗauka yaran gidan ƙasa ne suka samo sabon wasa. Ina leƙa matakala sai ga Hanif tsaye a kwana, hular kwano a kansa, garin siminti ya yi masa fari har gira. Ɗangoggo birkila na gefensa yana ɓalle bulo.

"Kai Hanif, lafiyarka kuwa? Gidan za ka rushe mana muna ciki?"

"Anti Sa'a, kwantar da hankalinki. Wannan bangon ba abin da yake ɗauke da shi, ado ne kawai. Ko duka na cire shi tuwonki ba zai motsa ba."

"Ai tuwona ya riga ya motsa, ga shi can zai kama."

Sai a lokacin na lura da Baba Ilyasu, maƙwabcinmu, zaune a matakalar sama da carbi a hannu, ya zuba wa bangon ido. Da na gan shi sai na gane abin da ake yi.

Shekarar da gwamnati ta tattaro daga Ikko ta dawo Abuja aka kwaso mu a manyan motoci, mu da tarkacenmu. Maigidana akawu ne, Baba Ilyasu kuma masinja a ma'aikatarsu, mutumin Katsina, ya yi furfura a bakin aiki. Aka ba mu gidaje a Kubwa, a saman bene, ƙofarmu na kallon tasu. Sabon gini, fenti bai ma gama bushewa ba. Amma wanda ya zana matakalar nan, Allah kaɗai ya san abin da ke ransa. Siririya ce, ka hau kaɗan sai ka yi karo da bango, ka juya gaba ɗaya ka sake hawa. Gadona sai da aka kwance shi gunduwa-gunduwa, katifa kuwa da igiya aka ja ta ta baranda. Mun yi ta dariya ranar.

Dariyar ta ƙare da Inna Zulai ta rasu, matar Baba. Ba ta daɗe a sabon gidan ba. Mu muka yi mata wanka, muka sa mata likkafani, maza suka hau da makara daga masallaci a tsaye, tun da babu kowa a ciki. Da aka zo sauka sai makara ta ƙi juyawa a kwana. Aka ja baya, aka gwada ta can, aka ɗaga ta nan, ta ƙi. Aka fitar da Inna aka naɗe a tabarma, nan ma kwanar ba ta karɓa ba. Ƙarshe dai sai da suka miƙar da ita tsaye, wani ya rungume ta ta tsakiya kamar buhu, aka juya da ita. Baba na tsaye a baya yana kallo. Tun daga ranar ban sake ganin ya wuce kwanar nan bai kau da kai ba. Ni kaina wallahi na daɗe ina mafarkin abin.

Bayan wannan ne Hanif ya zo. Ɗan wani aminin Baba ne na Funtuwa, yana karatun zanen gine-gine a jami'a a Zariya, aka turo shi sanin makamar aiki a wani kamfani da ke gina ƙarin benaye a bayanmu, irin namu sak. Baba ya ba shi ɗakin Inna. Dogo ne, siriri, idanunsa da ɗan rawaya-rawaya saboda sikila, ga surutu. Kullum zai dawo daga wurin aiki da labari: yau an koya masa ɗaurin rodi, yau ya auna kusurwa da zare ogansu ya ce ya yi daidai, yau lebura sun ba shi kwanon kankare ya ɗauka ya kusa kifewa suna ta yi masa tsiya. Ni nake zuba musu abinci shi da Baba, kuma ban taɓa ganin mai raina loma irinsa ba. Faɗanmu kullum a kan haka ne.

Da yamma sai ya baje a tsakar falon Baba da kwalaye da reza da gam. Wai aikin da zai kai makaranta ne, an ce kowa ya zana gidan ƙananan ma'aikata. Ya haɗa ɗan bene na kwali, da tagoginsa da barandarsa, 'yata Zahra har kuka take a bar ta ta sa 'yartsanarta a ciki. Wata rana na kai musu kunu na tarar Baba ya sunkuya yana leƙa cikin kwalin.

"Hanifu, wannan matakalar taka, mutum zai sauko ta ciki?"

"Sosai ma, Baba. Mutum biyu ma za su wuce juna."

"Ba mai tafiya da ƙafarsa nake nufi ba."

Hanif ya ɗago ya dube ni, ni kuma na dubi ƙasa. Nan Baba ya ba shi labarin Inna, abin da bai taɓa faɗa wa kowa da bakinsa ba. Ya ce shi mutuwa ba ta ba shi tsoro, ya ci zamaninsa. Abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai, kada a miƙar da shi tsaye a gaban yara. Ya nemi a sauya masa gidan ƙasa, an ce babu. "Ina so in sauka a kwance, kamar yadda ake saukar da kowane Musulmi. Shi ke nan roƙona."

Washegari na ga Hanif ya tsinke mini tsintsiya. Ashe 'yar makara ya haɗa da tsinkayen, ƙarama kamar ɗan yatsa, yana tura ta a matakalar kwalinsa. Ta ƙi juyawa, shi ma tasa ba ta karɓa ba. Ya yage matakalar gaba ɗaya ya sake wata mai faɗin kwana. Ya kai wa ogansu shawarar a gyara na benayen da ake kan ginawa, ogan ya ce zane daga sama ya zo da sa hannu, ba wanda ya isa ya taɓa. Hanif ya dawo ransa a ɓace, ya yi kwanaki yana hawa da sauka a benenmu da tef ɗin awo, har Allah ya nuna masa dabara. Bangon kwanar na bulo mai huda-huda ne, na shan iska. In aka buɗe taga a ciki daidai kafaɗa, kan makara zai leƙa waje, ƙafa ta samu wurin juyawa.

Aikin ke nan da suke yi ranar da tuwona ya kama. Ba su kai rabi ba sai ga Mista Nicholas, mai kula da gidajen, yana haki, da 'yar Hausarsa ta barikin soja.

"Wane ne ya ba ka izini? Wannan gida na gwamnati ne, ba na babanka ba. Zan rubuta wa oga naka, su kore ka yau-yau."

In aka kori yaron nan daga wurin aiki karatunsa na shekara ya tashi a banza. Hanif ya fara yi masa bayani da Turanci, yana nuna ginshiƙi yana nuna bango. Nicholas bai ma saurare shi ba. Baba ne ya miƙe da ƙyar ya sauko taki biyu.

"Nikolas, ranar da aka sauko da tsohuwata, ai kana nan ƙasa."

Nicholas ya cire hularsa ya goge fuska, ya dubi kwanar, ya daɗe yana dubanta.

"Na gani, Baba. Bai yi kyau ba." Ya juya wajen Hanif. "Ka sa masa ƙofa na ƙarfe, kar yara su faɗo. Ka sa kwaɗo. Makulli yana hannuna, ni kaɗai. Kuma yau ni ban zo nan ba, ina Nyanya."

Haka aka yi. Ɗangoggo ya yi shafe, mai walda ya kawo ƙyaure, Hanif da kansa ya shafa masa fenti kore. Ya so a aro makarar masallaci a gwada, na ce wallahi ba a gidan da nake ba, yana so ya jawo mana abin da ba mu shirya ba. Sai suka samo dogon katako daidai tsawonta. Shi da Ɗangoggo suka ɗora a kafaɗa suka sauko, kan katakon ya leƙa ta taga, suka juya sumul ko bango bai taɓa ba. Hanif har da 'yar rawarsa.

Baba ya yi murmushi, rabona da ganin haƙoransa tun Inna na da rai. "Allah ya yi maka albarka, Hanifu. Sai dai katako ba mutum ba ne. Kuma abin haushin, ranar da za a yi na gasken, ni ba zan gani ba."

"Baba, ni zan tsaya a kwanar nan da kaina. In aka kuskure ka zo mini a mafarki ka ja kunnena."

Damina ta yi nisa sa'ad da suka zo zuba kankaren bene a wurin aikinsu. Aiki ne da in an fara ba a tsayawa, ruwa kuma ya tsuge musu tun hantsi. An ce masa ya shiga rumfa, ya ƙi, wai wannan ne karonsa na farko kuma yana so ya ga ƙarshensa. Ya dawo jiƙe sharkaf yana kaɗuwa, bakinsa bai daina zuba ba, yana ba ni labarin yadda injin ke girgiza kankare. Na balbale shi da faɗa, na dafa masa ruwan zafi, na ba shi bargona. Kashegari ciwon ya tashi, ƙasusuwansa kamar ana sara. Maigidana ya nemo mota aka kai shi asibiti a Gwagwalada, aka ƙara masa jini, ya ɗan farfaɗo, aka sallamo shi. Da ƙafarsa ya hau benen, yana hutawa a kowace matakala, har ya tsaya a kwana ya ƙwanƙwasa ƙyauren ya ce fentin ya kama da kyau.

Mun ɗauka an tsallake. Ranar Talata da hantsi ina shanya a baranda Baba ya kira ni, murya ƙasa-ƙasa. "Ɗiyata, zo ki gani." Na tarar da shi zaune a bakin gado, kan Hanif a cinyarsa, hannunsa ɗaya a kan idon yaron. Kunun da na kawo da safe na nan a ƙasa, ya sha rabi. Rai ya riga ya yi halinsa, na durƙushe a wurin. Ban san ina son yaron nan haka ba sai ranar, wallahi kamar ƙanina uwa ɗaya.

Aka tura ɗan aike Funtuwa, amma liman ya ce ba za a iya jira ba, hanya da nisa. Maza suka yi masa sutura a falon Baba, kusa da benensa na kwali da muka ture jikin bango. Aka hau da makara. Sai a lokacin wani ya tuna da makulli. Kafin a ce a je nemansa sai ga Mista Nicholas ya hauro da gudu, babu ko hula, ashe labari ya riske shi a ofis. Ya buɗe kwaɗon, ya tura ƙyauren waje, ya manne da bango ya sunkuyar da kai.

Mu mata muna tsaye a bakin ƙofa daga sama, komai a idona. Suka ɗauko shi, maigidana da Ɗangoggo a gaba. Suka sauka a hankali ana salati. Da suka kai kwana kan makarar ya fita ta taga, rana ta haske farin likkafanin, na baya suka taka suka juya. Ba ta taɓa bango ba, ba ta karkata ba. A kwance ya sauka, kamar mai barci.

Baba Ilyasu na biye da su, yana dafa bango. Da ya iso kwanar, wurin da kullum yake kau da kai, sai ya tsaya. Ya ɗago ya dube ni, hawaye na bin furfurar gemunsa.

"Sa'a, na gani," ya ce. "Na gani da idona."

Da suka dawo daga maƙabarta Nicholas bai rufe tagar ba. Ya zare makullin daga cikin tarin nasa ya sa a tafin hannun Baba, ya sauka. Da la'asar na fito kai wa masu zaman makoki ruwa, na tarar da Baba zaune shi kaɗai a matakalar kwana, iskar damina na shigowa tana kaɗa masa riga. 'Yar makarar nan ta tsinken tsintsiya na kan gwiwarsa, ya dafe ta da yatsa ɗaya kada iska ta ɗauke.